Takardar FDD: abin da dole kamfani ya faɗa maka kafin ka sayi faranchayis, da abin da doka ta bar masa ya yi shiru a kai

A watan Yulin 2024 hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin tarayyar Amurka, wato FTC, ta fito da bayanai biyu kan harkar faranchayis, wato sayen izinin buɗe reshe da sunan wani kamfani. Na farko ya ce duk sharaɗin da aka cusa a yarjejeniya don a hana mai riƙe da reshe kai ƙorafi wajen hukuma ya saɓa wa doka. Na biyu, wanda ma'aikatan hukumar suka rubuta, ya ce kamfani ba shi da hurumin ƙaƙaba wa masu rassansa sababbin kuɗaɗen da bai bayyana su ba tun farko a takardar FDD, wato takardar bayanin da kamfani ke ba mai son sayen reshe. To daga nan tambayoyi suka taso, wace takarda ce wannan, wa ke tantance ta, kuma in kamfani ya shirga ƙarya a ciki me za a yi masa? Maganar ba ta 'yan Amurka kaɗai ba ce, akwai mutanenmu da ke zaune can suna tara ɗan abin da suka samu da niyyar buɗe shago, akwai kuma 'yan kasuwa a Kano da Kaduna da Abuja da ke son kawo sunan wani kamfanin waje gida, kuma su ɗin ma akwai wani lungu na dokar da ya shafe su kai tsaye, za mu zo kansa.

Su wane ne a cikin wannan ciniki

Faranchayis dai shi ne kana da jari, wani kamfani kuma yana da suna da tsarin aiki da ya riga ya karɓu a kasuwa, sai ka biya shi ya ba ka izinin buɗe shago da sunansa da tambarinsa da salon aikinsa. Shagon naka ne, kuɗin hayar wuri a wuyanka yake, albashin yaran shago kai za ka biya, in an faɗi kai ka faɗi, amma irin kayan da za a sayar da inda za a sayo su da kayan da ma'aikata za su sa har kalar fentin bango, uwar kamfani ce ke faɗa. Mafi yawan rassan McDonald's da KFC da Subway haka suke, ba kamfanin ne ya mallake su ba, haka ma otal-otal da yawa masu ɗauke da sunan Hilton.

A dokar FTC abubuwa uku ne in suka haɗu ciniki ya zama faranchayis: ka yi aiki da sunan kamfanin ko tambarinsa, kamfanin yana da iko mai ƙarfi kan yadda kake gudanar da shagon ko yana ba ka taimako mai yawa a kai, sannan akwai kuɗin da dole ka biya shi kafin buɗewa ko cikin wata shida na farko. Mafi ƙarancin kuɗin da ke sa dokar ta hau kan ciniki ya daɗe a dala 500, ana ɗaga shi duk shekara huɗu saboda tsadar rayuwa, a 2024 ya koma dala 735. Ko kamfani ya kira abin lasisi, ko ya ce kai dila ne kawai, sunan ba ya tasiri, in dai ukun nan sun cika to dokar ta hau kansa.

Ita kuma FDD takarda ce, gaskiya ma littafi ne don sau da yawa tana kai ɗaruruwan shafuka, wadda dole kamfanin ya damƙa wa mai son saye aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu a kowace yarjejeniya ko ya biya ko sisi. In kuma kamfanin da kansa ya canza wani muhimmin sharaɗi a yarjejeniyar da ke manne da takardar, sai ya ƙara ba mutum kwana 7 ya duba. Kowace shekara ana sabunta ta cikin kwana 120 bayan rufe lissafin shekarar kamfanin.

Daga ina abin ya samo asali

Bayan yaƙin duniya na biyu harkar ta bunƙasa sosai a Amurka, zuwa ƙarshen shekarun 1960 ta zama kamar hauka, kowa na son buɗe gidan kaza ko gidan baga. 'Yan damfara da masu gaggawar yin kuɗi suka gane cewa sayar da izinin buɗe shago ya fi sayar da abincin kansa riba, ka karɓi kuɗin mutum a yau, ko ya buɗe ko bai buɗe ba kai dai ka ci. Aka riƙa ɗauko sunayen taurari ana liƙawa a kamfani don a ja hankalin jama'a. Wanda aka fi tunawa shi ne gidan kaza mai sunan Minnie Pearl, wata fitacciyar 'yar barkwanci, da aka kafa a Nashville ta jihar Tennessee, an sayar da izinin rassa masu ɗimbin yawa, hannun jarinsa ya yi tashin gwauron zabi, cikin 'yan shekaru kuma komai ya ruguje ya bar mutane da bashi.

Jihar Kalifoniya ce ta fara yin doka a 1970, wasu jihohi suka bi. FTC ta kammala tata dokar a ƙarshen 1978, ta fara aiki a watan Oktoban 1979. Shekaru da dama ana amfani da wani tsarin takarda da ake kira UFOC wanda jami'an jihohi suka tsara, sai a 2007 FTC ta yi wa dokar garambawul, daga 1 ga Yulin 2008 kowa ya koma kan FDD mai sashe 23. Tunanin da aka gina dokar a kai ɗaya ne: gwamnati ba za ta zaɓa maka kasuwanci ba, ba za ta ce wannan zai yi riba wancan ba zai yi ba, abin da za ta hana shi ne cinikin biri a sama. A ba ka bayani, a ba ka lokaci, sauran kuma kai da lissafinka.

Me ke cikin sassan 23

Ba duka ne ke da nauyi ɗaya ba. Na 1 zuwa na 4 tarihin kamfanin ne da shugabanninsa: ayyukan da manyan suka yi a shekara biyar da suka wuce, shari'o'in da aka yi da su, da ko sun taɓa karyewa a kotu cikin shekara goma. A sashe na 3 akwai abin da aka ƙara a gyaran 2007, dole kamfani ya lissafo ƙarar da shi ya shigar a kan masu rassansa a shekarar da ta gabata. Kamfanin da ke yawan maka mutanensa a kotu kan kuɗin kaso, wato rabon da yake cira daga cinikin shagunansu, wannan kaɗai ya isa mai saye ya tsaya ya tambayi dalili.

Na 5, 6 da 7 su ne na kuɗi. Na 5 kuɗin shiga ne, misali McDonald's na karɓar dala 45,000, Subway kuma dala 15,000. Mutane kan tsaya a wannan adadi su ɗauka shi ne farashin, alhali shi ne mafi ƙanƙanta. Na 7 ne ke nuna kiyasin duk jarin da ake buƙata, gini, injina, kayan farko, inshora, da kuɗin riƙe shago na farkon lokaci, wanda galibi wata uku kawai ake lissafawa, kuma shago da yawa ba ya tsayuwa da ƙafarsa a wata uku. Na 6 kuwa shi ne kuɗaɗen da ba sa ƙarewa, kason uwar kamfani da kuɗin talla da kuɗin manhaja da na horo da tarar makara. Abin da ya kamata a fahimta a nan shi ne kason daga ciniki ake cire shi ba daga riba ba. A Subway kashi 8 cikin 100 ne na kamfani sai kashi 4.5 na talla, jimla 12.5. Kenan in shago ya yi cinikin dala 10,000 a mako, dala 1,250 ta tafi tun kafin a biya haya da wuta da albashi da kuɗin burodi da nama, kuma ko mai shagon ya faɗi a wannan makon uwar kamfani ta riga ta ɗauki nata.

Sashe na 8 mutane ba su cika damuwa da shi ba amma yana iya kashe shago. Shi ke faɗin kayan da dole ka saya daga kamfanin ko daga wanda ya amince da shi, da kuma ko kamfanin na samun wani abu daga wannan sayayya. Labarin Quiznos, masu sayar da sanwici, a nan ya fi fitowa. Wajen 2007 suna da rassa kusan 5,000, masu rassan suka yi ta ƙorafi cewa ana tilasta musu sayen kayan abinci da tsada daga wani kamfani mallakar uwar kamfanin, ana kuma sa su karya farashi don talla, riba ta ƙi fita. Suka haɗu suka kai ƙara, aka yi sulhu da aka ƙiyasta darajarsa sama da dala miliyan 200, a 2014 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi, yau rassan da suka rage ba su taka kara sun karya ba.

Na 11 ya faɗi taimakon da kamfani ya yi alkawari, kuma a nan ana lura da bambancin inda aka rubuta kamfani zai yi da inda aka rubuta kamfani na iya yi in ya ga dama. Na 12 maganar yanki ce, shin an keɓe maka unguwa ko gobe za a iya buɗe wani reshe a bakin titinka, ko kamfanin ya riƙa sayarwa ta intanet ga kwastomominka. Na 17 tebur ne mai tsawo kan sabuntawa da soke yarjejeniya da sayar da shago ga wani da kuma inda za a je in rigima ta tashi. Yarjejeniyoyi da yawa suna cewa ba kotu za a je ba, wajen mai sasanci za a je, kuma a garin da hedikwatar kamfanin take, sannan in ka bar su ba za ka buɗe irin sana'ar ba na wasu shekaru a kusa da wurin. Na 18 gadon zamanin Minnie Pearl ne, in an yi amfani da wani tauraro wajen tallata sayen reshe dole a faɗi nawa aka biya shi da kuma ko ya zuba nasa kuɗin. Na 21 lissafin kuɗin kamfanin ne na shekara uku da akantocin waje suka bincika, na 22 kwafin yarjejeniyoyin, na 23 rasit ɗin da za ka sa wa hannu da kwanan wata, daga shi ake ƙirga kwana 14 ɗin.

Sashe na 19 da na 20, inda maganar take

Tambayar farko da kowane mai saye ke yi ita ce nawa zan samu. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne doka ba ta tilasta wa kamfani ya amsa ba. Sashe na 19 na bayanin ciniki da riba zaɓi ne, kamfani na iya rubuta cewa shi ba ya bayar da irin wannan bayani, shikenan. Sai dai in ya zaɓi yin shiru a takarda to dole ya yi shiru a ko'ina, ɗan tallansa ko dillalinsa ba shi da izinin ya ce maka a waya ko a wajen cin abinci wai shagunanmu suna yin kaza a wata. Duk adadin da aka faɗa maka da baki wanda babu shi a sashe na 19, ban da lissafin ainihin shagon da ke aiki wanda kake shirin saye, saɓa doka ne, kuma alama ce babba.

In ma kamfanin ya bayar da adadi, sai an karanta da natsuwa. Galibi ciniki ake nunawa ba riba ba. Wani lokaci shagunan da suka shekara biyu ko fiye kawai ake lissafawa, waɗanda suka rufe a hanya ba sa ciki. Sai maganar matsakaici. A ɗauka shaguna goma ne, biyu suna filin jirgi suna cinikin dala miliyan 2 kowanne, takwas kuma suna yin dala 500,000. In aka haɗa aka raba goma za a samu dala 800,000, adadin da babu shago ko ɗaya cikin takwas ɗin da ya kusance shi. Shi ya sa a 2017 ƙungiyar jami'an jihohi masu sa ido kan zuba jari, NASAA, ta ce duk wanda ya kawo irin wannan matsakaici dole ya kawo adadin shagon da ke tsakiyar layi, a misalin nan dala 500,000 kenan, tare da mafi sama da mafi ƙasa.

Sashe na 20 kuwa ba zaɓi ba ne, kuma masu harkar da yawa suna ganin ya fi kowane amfani. Tebura ne na shekara uku, jiha bayan jiha: rassa nawa aka buɗe, nawa kamfani ya soke, nawa aka ƙi sabuntawa, nawa kamfani ya karɓe, nawa suka rufe da kansu, nawa suka canza hannu. Akwai kuma adadin mutanen da suka sa hannu suka biya amma ba su buɗe ba har yanzu. In ka ga kamfani na da rassa 200 a buɗe amma mutum 600 sun biya suna jira, to kamfanin izini yake sayarwa ba abinci ba. Bayan teburan akwai sunaye da lambobin wayar masu rassa na yanzu, da na waɗanda suka bar kamfanin a shekarar da ta gabata. Waɗannan na ƙarshen su ne za su faɗa maka abin da ba a rubuta ba, amma fa wasunsu an sa su sa hannu a takardar rufe baki lokacin da suka rabu da kamfanin, doka dai ta ce a rubuta gargaɗi a sashen cewa akwai irin waɗannan.

Wa ke tantancewa, kuma in an yi ƙarya fa

A nan ne rashin fahimta ya fi yawa. FTC ba ta karɓar FDD, ba ta yi mata rajista, ba ta duba ta kafin a ba mutane. A shafin farko ma akwai jimlar da dole a rubuta cewa babu wata hukumar gwamnati da ta tabbatar da gaskiyar abin da ke ciki. Jihohi goma sha wani abu ne kawai, irin su Kalifoniya da New York da Illinois da Maryland da Minnesota da Washington, ke buƙatar a shigar da takardar wajensu kafin a yi talla, su ma abin da jami'ansu ke dubawa shi ne ko an cika sassan yadda ya kamata, in kuma sun ga kamfanin ba shi da ƙarfin aljihu suna iya hana shi taɓa kuɗin shiga sai ya cika alkawarin buɗewa. Ba sa cewa kasuwancin mai kyau ne.

Na biyu, in kamfani ya karya dokar FTC, mutumin da aka cuta ba zai iya kai ƙara da kansa a ƙarƙashin wannan dokar ba, hukumar ce kawai ke da wannan iko. Shi sai dai ya nemi dokar jiharsa in tana da ita, ko ya bi ta hanyar ƙarar yaudara wadda tabbatar da ita ke da wuya. Kuma kamfanoni sun daɗe da wata dabara, ranar sa hannu sai a miƙo maka wata 'yar takardar tambayoyi: shin wani ya yi maka alkawarin riba? Ka rubuta a'a don in ka ce e ba za a sayar maka ba, gobe in rigima ta tashi a fito da ita a ce kai da hannunka ka ce ba a faɗa maka komai ba. NASAA ta fitar da matsaya a 2022, ta fara aiki a farkon 2023, tana hana amfani da irin waɗannan takardu a jihohin da suka ɗauki matsayar.

Labarin Burgerim ya nuna iyakar abin. Kamfanin baga ne da ke Kalifoniya, yana da FDD, amma a Fabrairun 2022 gwamnati ta maka shi da mai shi Oren Loni a kotu a madadin FTC, tana cewa ya karɓi dubban daloli daga hannun mutum sama da 1,500, ciki har da tsoffin sojoji da aka yi wa rangwame don a jawo su, an yi musu alkawarin taimako da mayar da kuɗi in abin bai yiwu ba, kuma mafi yawansu ba su taɓa buɗe shago ba. Lokacin da hukuma ta motsa kuɗin sun riga sun tafi.

Ɓangarorin da ke jayayya

Ƙungiyar IFA, wadda ita ce babbar muryar kamfanonin, matsayinta shi ne tsarin bayyanawa yana aiki, a inganta shi a sauƙaƙa karatunsa amma kada gwamnati ta shiga tsara yadda uwar kamfani da mai reshe za su zauna bayan sa hannu. Hujjarsu ita ce baligai biyu ne suka ƙulla ciniki, an ba mai saye mako biyu da lambobin waya da damar ɗaukar lauya, kuma in aka hana kamfani canza tsari a tsakiyar yarjejeniyar shekara goma ko ashirin to ba zai iya bin zamani ba, misali lokacin da oda ta waya ta shigo dole kowa ya sa sabuwar manhaja ko a bar su a baya. Kan sashe na 19 kuma ita kanta FTC a 2007 ta ƙi tilastawa, tana ganin sana'o'in sun bambanta da yawa, adadi ɗaya na iya ruɗar mutum fiye da ya haska masa.

Ƙungiyoyin masu rassa kuma suna cewa takardar hoton rana ɗaya ce, aure kuma na shekara ashirin ne. Kusan kowace yarjejeniya tana ba kamfani ikon canza littafin ƙa'idojin aiki duk lokacin da ya so, ta nan ake shigo da sabon kuɗin fasaha, da gyaran shago na dole, da rage farashi na dole, abubuwan da babu wanda ya gani a ranar saye. Wannan ƙorafi ne ya haifar da bayanin Yulin 2024. Suna so a tilasta sashe na 19, a ba wanda aka cuta damar kai ƙara da kansa, a kuma sa ido kan dillalai, don mai saye yakan ɗauka dillalin mai ba shi shawara ne alhali kamfanin ne ke biyansa la'ada in ciniki ya faɗa. Sanata Catherine Cortez Masto ta jihar Nevada ta fitar da rahoto a 2021 da ya goyi bayan da yawa daga cikin waɗannan buƙatu.

Akwai ra'ayi na uku da bai cika samun masu ihu ba, shi ne matsalar ba ƙarancin bayani ba ce, yawansa ne. Lauyoyin kamfani ne ke rubuta takardar, kuma duk abin da suka rubuta kariya ce gare su gobe, an faɗa maka a shafi na 214. Mai saye kuma sau da yawa zuciyarsa ta riga ta saya kafin takardar ta iso, ya ga shagon, ya ci abincin, ya gaya wa iyalinsa. Kowane ɓangare na da abin kamawa, amma abin da Quiznos da Burgerim suka nuna shi ne bayyanawa tana kare mai karatu mai tambaya ne kawai, ba ta gyara kamfanin da tsarinsa ya lalace.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Faransa tana da dokar Doubin tun 1989, kwana 20 kafin sa hannu. Chaina kwana 30, kuma kamfani ba zai fara sayar da rassa ba sai yana da shaguna biyu nasa da suka shekara suna aiki, sharaɗin da Amurka ba ta da shi. Brazil kwana 10. Ostireliya ta wuce bayyanawa, tana ba mai saye kwana 14 bayan sa hannu ya fasa in ya canza ra'ayi, tana kuma da rajistar kamfanonin a intanet tun 2022. A lardin Ontario na Kanada in ba a ba ka takardar ba sam kana da shekara biyu ka warware cinikin a mayar maka da kuɗinka. Afirka ta Kudu ta sa abin cikin dokar kare masu saye ta 2008, kwana 14 kafin sa hannu da kwanakin aiki 10 na fasawa. Ingila kuwa ba ta da doka ta musamman, ƙa'idar ƙungiya ce kawai ga wanda ya shiga.

Inda abin ya shafe mu

Ga wanda ke zaune a Amurka lissafin a fili yake, kwana 14 ɗin nasa ne, kuɗin lauyan da ya san harkar da na akanta ba komai ba ne kusa da jarin da zai zuba, musamman da yake yawancin yarjejeniyoyin suna sa mutum ya tsaya wa bashin shagon da dukiyarsa ta kansa, wani lokaci har da sa hannun matarsa, kenan in shago ya faɗi gida ma na iya tafiya.

Ga ɗan kasuwar da ke Najeriya kuma ga lungun da aka ambata a farko: dokar FTC ta shafi rassan da za a buɗe a cikin Amurka da yankunanta ne kawai, gyaran 2007 ya fayyace haka. Kamfanin Amurka da ke tattaunawa da kai kan buɗe reshe a Kano dokar tarayyarsu ba ta tilasta masa ba ka FDD ba. A gida kuma babu dokar da ke aiki mai tilasta irin wannan bayyanawa kafin saye, duk da cewa sunaye irin su KFC da suka shigo a 2009 da Domino's a 2012 sun daɗe a ƙasar, ga kuma na gida irin su Chicken Republic da Mr Bigg's. Abin da ake da shi shi ne hukumar NOTAP, wadda ake yi wa yarjejeniya da kamfanin waje rajista a wajenta kafin banki ya ba ka damar tura kuɗin kaso waje ta hanyar hukuma. Ita tana duba sharuɗɗan yarjejeniyar da yawan kuɗin da za a fitar, ba aikinta ba ne ta gaya maka rassa nawa kamfanin ya rufe bara.

Duk da haka takardar ba a ɓoye take ba. Jihohi irin su Kalifoniya da Minnesota da Wisconsin suna ɗora FDD ɗin da aka shigar wajensu a shafukansu na intanet, kowa na iya saukewa kyauta daga ko'ina. Adadin cinikin da ke ciki na Amurka ne, ba zai yi maka aiki a Zoo Road ba, amma shari'o'in sashe na 3 da lissafin kuɗin sashe na 21 da teburan rufe shaguna na sashe na 20 halin kamfanin suke nunawa, kuma shi ne dai kamfanin da za ka zauna da shi. Sai wani abu da FDD ta Amurka ba za ta taɓa gaya maka ba, wato canji. Duk kuɗin da aka yanka da dala a yarjejeniya, kuɗin shiga ne ko mafi ƙarancin kaso na wata ko kayan da dole a shigo da su daga waje, da naira za ka nemo shi. Wanda ya sa hannu a farkon 2023 lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ya tarar da ita sama da naira 1,500, cinikin shagonsa kuma bai ninka uku ba. Wannan sharaɗin a teburin tattaunawa ake gyara shi kafin sa hannu, a nemi kason ya zama kashi na cinikin naira, a kuma rubuta wane farashin canji za a bi da wanda zai ɗauki asarar in naira ta sake faɗuwa.